Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sakatarorin Ilimi Na Ƙananan Hukumomin Jihar Katsina: Wa Ke Koya Wa Hedimasta Aikinsa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali da ma'aikatanku, mu da muka rubuto wannan takarda malamai ne masu horar da ma'aikata kan tafiyar da aiki da jagorancin jama'a, tare da wasu tsofaffin shugabannin makarantun firamare. Mun zaɓi mu yi magana da ku kai tsaye, ku 34, saboda yawancin abin da za mu roƙa yana hannunku, kuma ba ya jiran sabon kasafi. Mun san albashi da ɗaukar sababbin malamai da gina azuzuwa ba a teburinku ake yanke su ba. Amma wanda zai zama hedimasta a makarantar ƙauye kaza, da ranar da sufeto zai je, da abin da zai duba in ya je, da irin fuskar da hedimasta zai tarar idan ya shigo ofishinku da labari marar daɗi, duk waɗannan da bakinku a ciki.

Riƙon makaranta sana'a ce daban da koyarwa. Koyonta ake yi, kuma a yawancin wurare babu wanda ake koya wa ita. Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malam Ummarun Dallaje cikakken malami ne lokacin da ya karɓi ragamar Katsina bayan jihadi, duk da haka sai da ya nemi Muhammadu Bello ya rubuta masa ƙa'idojin tafiyar da jama'a, aka rubuta masa Usulus Siyasa. Karatun da ya yi bai hana shi ganin cewa riƙon mutane wani fanni ne mai zaman kansa ba.

Bari mu fara daga naɗi. Yadda aka saba, idan kujera ta faɗi sai a duba wanda ya fi kowa matakin albashi, ko wanda ya yi suna a iya koyarwa, ko kuma, Allah ya kyauta, wanda wani babba ya bugo waya a kansa. Na ukun kowa ya san illarsa. Na biyun ne yake yaudarar mutanen kirki. A 1969 wani masanin ilimi ɗan Kanada, Laurence Peter, ya bayyana abin da ke faruwa a ma'aikatu: ana ta ɗaga mutum don ya iya aikin da yake yi, har a kai shi ga aikin da bai iya ba, a nan kuma zai dawwama. A makaranta asarar biyu ce, aji ya rasa gwanin malaminsa, makaranta ta sami shugaban da bai san ta inda zai kama ba. Ku dubi abin da hedimasta ke yi a mako guda: raba malamai huɗu ga azuzuwa shida, faɗa wa sa'an babansa cewa darasinsa bai tafi daidai ba, lallashin uban da aka daki ɗansa, zama da mai unguwa kan wanda ya ci filin makaranta, bin sawun 'yan matan da talla ta ɗauke, riƙe lissafin kuɗi. A cikin waɗannan babu wanda iya koyar da lissafi yake warwarewa.

Gwajin rabin yini ya isa a rage kuskuren zaɓe. A kafa kwamiti na mutum uku. A shigar da mai neman kujerar wani aji ya kalli darasi na gaske na minti 30, sannan ya zauna da malamin ya faɗa masa abin da ya gani, kwamiti na saurare. Abin lura shi ne ko abin da idonsa ya gani yake faɗa ko hukunci yake yankewa, ko yana barin malamin ya yi magana, da ko zai iya tsayawa kan gyara ɗaya ko sai ya zazzage goma. Daga nan a ba shi takarda: ga makaranta mai azuzuwa shida, malamai biyar, ɗaya tana hutun haihuwa, ɗakuna huɗu ne masu rufi, ya fitar da jadawali cikin minti 40. Ku duba musamman inda ya kai malamin da ya fi ƙwarewa. Da yawa aji shida za su kai shi saboda jarrabawa, su bar aji ɗaya da biyu ga wanda ya fi kowa rauni, alhali a nan ake kafa karatu, yaron da ya wuce aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba kuwa da wuya malamin aji shida ya cece shi. Sai kuma a tambayi mutum uku da suka yi aiki da shi, kowa shi kaɗai, a tabbata akwai malama mace a ciki da wanda yake ƙasa da shi a matsayi. Wani ƙaramin abu da ake rainawa: kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa kafin a buɗe baki. Da zarar babba ya faɗi ra'ayinsa, sauran biyun sun zama 'yan amshi, ba don munafunci ba, haka ɗan Adam yake a gaban na gaba da shi.

Dattijon da aka tsallake, kada ya ji labari a bakin masinja. Ku kira shi ku faɗa masa da bakinku kafin takarda ta fita, ku ba shi aikin da ake gani, kamar rainon sababbin malamai. In ba haka ba, sabon hedimasta zai shekara yana fama da mutumin da ba ya musu kuma ba ya aikatawa.

Yanzu ga inda kuɗi suka fi zubewa, wato bita. An saba a tara mutum ɗari a zaure na kwana uku ko biyar, a yi ta lacca, a ci abinci, a karɓi alawus, a ɗauki hoto. Wani lokaci ma na miƙa-miƙa ne: a horar da wasu a Katsina, su horar da wasu a Funtuwa ko Daura, su kuma su horar da na makaranta, kowane hawa ana zubar da wani abu, har abin da zai isa aji bai wuce sunan shirin ba. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin harda da ya yi a kan kansa, ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kafin a kwana a tashi mafi yawan abin ya tafi, sannan maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a dunƙule a zama ɗaya. Kowane alaramma ya riga shi sanin wannan, shi ya sa harda ba ta zama sai da tilawa. Bitar kwana biyar da babu mai bibiyarta harda ce ba tilawa.

Akwai kuma matsalar yadda ake auna ta. A 1959 wani masanin horar da ma'aikata ɗan Amurka, Donald Kirkpatrick, ya jera tambayoyi huɗu da ake yi wa kowane horo: shin mahalarta sun ji daɗinsa, shin sun koyi wani abu, shin aikinsu ya sauya bayan sun koma, shin sakamako ya sauya. Rahotannin bita galibi a ta farko suke tsayawa, wasu ma ba su kai nan ba, jerin sunaye ne da sa hannu. Duk wanda ya kawo muku shirin horo, gwamnati ce ko ƙungiyar agaji, ku tambaye shi: wa zai shiga aji bayan mako shida ya ga ko an sauya, kuma da wane kuɗin mai?

Abin da ya fi sauya malami shi ne wani ya kalle shi yana koyarwa, ya ba shi gyara ɗaya, ya dawo ya ga ko ya gyara. A 2018 Matthew Kraft da abokan aikinsa a Amurka sun tattara bincike 60 kan irin wannan bibiya, suka ga tana inganta koyarwa kuma tana taɓa sakamakon yara. Sun ga wani abu kuma da ya kamata ku riƙe: amfanin yana raguwa idan aka faɗaɗa shirin ya yi girma, domin gwanayen masu bibiya ba su da yawa. Saboda haka wannan ne aikin farko da za a koya wa hedimasta, kuma ga yadda yake tafiya.

Ya sanar da malami tun jiya cewa zai shigo. Ya zauna a baya, kusa da yaran da ke kan tabarma ko ƙasa, ba a kujerar malami ba, ya yi minti 20. Kada ya sa baki, ko da an yi kuskure a allo, gyara a gaban yara yana kashe malami a idonsu har ƙarshen zango. Abin da zai rubuta abin da ake iya ƙirgawa ne: minti nawa aka yi kafin a fara darasi, minti nawa malami ya yi yana magana shi kaɗai, yara nawa aka tambaya, daga wane layi, maza nawa mata nawa, yara nawa ke da abin rubutu a hannu. Kafin ya fita ya ɗauki littattafan yara biyar daga layin baya ya duba ranar da aka yi musu maki na ƙarshe. A ranar, ba gobe ba, su zauna minti 10 inda yara ba sa ji. Ya fara tambayar malamin yadda ya ga darasin. Ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau, da hujjarsa, domin "ka yi ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai. Sannan gyara ɗaya tak, ƙarami, wanda za a iya yi gobe: misali, ka tambayi yara tara, takwas daga layin gaba suke, gobe ka riƙa kiran suna daga rajista maimakon jiran mai ɗaga hannu. Malamin ya gwada faɗar abin a nan take. A rubuta ranar dawowa, mako biyu. A makaranta mai malamai takwas, aji ɗaya a rana na kwana huɗu a mako ya zagaye kowa cikin mako biyu.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Na farko a mayar da shi tuhuma: da zarar takardar kallon darasi ta shiga fayil ɗin ƙarin girma, malami zai shirya darasin baje-koli na ranar, a daina ganin gaskiya. Na biyu fom mai layi arba'in, wanda mai cikawa ba ya ɗaga kai ya kalli yara. Na uku girma: hedimasta ɗan shekara 35 ba zai shiga ajin mai shekara 55 ya ce "ga gyaranka" ba. Hanyar ita ce ya fara gayyatar dattijon ya kalli nasa darasin ya ba shi gyara, sannan a yi musaya. Idan malama ce kuma hedimasta namiji, a zauna a baranda ko gindin bishiya inda ake hango su, a rufe ƙofar tsegumi tun kafin a buɗe ta. Na huɗu shi ne hedimastan da shi ma yana riƙe da aji, abin da ya zama ruwan dare a ƙauyuka. Wannan sai a rage, a yi sau biyu a mako, lokacin da ajinsa ke aikin rubutu ƙarƙashin monita.

Sufetocinku ma da wannan ma'auni za a auna su, amma ku yi musu lissafi tukuna. Zango kimanin mako 13 ne. A cire makon farko da makonni biyu na jarrabawa, saura 10. In sufeto yana fita kwana huɗu a mako, makaranta ɗaya a rana, ziyara 40 ke nan. Mai makarantu 10 zai je kowacce sau huɗu, ya ga ko an yi gyaran da ya bayar. Mai makarantu 40 sau ɗaya zai je, ba abin da zai iya sai sa hannu a littafin baƙi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, sufeton da ba a ba shi kuɗin babur ba makarantun bakin kwalta zai riƙa zagayawa, na cikin lungu su ji labarinsa. Ku raba makarantu rukuni-rukuni kusa da inda sufeto yake kwana, ku ɗora ƙwararren hedimasta ɗaya a kan kowane rukuni na makarantu biyar ko shida. A wuraren da hanya ba ta da tabbas, irin wasu sassan Batsari, Safana, Jibiya, Ɗanmusa da Faskari, kada a manna jadawalin ziyara a bango, kuma kada a tilasta wa kowa wata hanya don cike fom. A bar wa mutanen wurin su zaɓi rana, sauran a yi ta waya.

Sai batun fashin aiki, wanda kowa ke son a magance da na'ura. Ga abin da ya faru a yankin Udaipur na ƙasar Indiya. Wata ƙungiya mai suna Seva Mandir ta ba malaman makarantunta na ƙauye kyamara mai buga rana da lokaci, ana ɗaukar malami da yara da safe da lokacin tashi, ana biyan albashi gwargwadon kwanakin da aka zo. Fashi ya sauka daga kashi 42 cikin ɗari zuwa 21. Aka kai irin wannan dabara ƙananan asibitocin gwamnati a yankin, da na'urar buga lokaci ga ma'aikatan jinya. Watannin farko abin ya yi aiki. Daga baya shugabanninsu suka shiga ba su takardun uzuri, na'urori suka riƙa lalacewa, bayan wata 16 babu bambanci tsakanin inda aka sa na'ura da inda ba a sa ba. Ko littafi ne ko na'urar yatsa, ƙarfinsa bai wuce ƙarfin mai sa hannu a uzuri ba. Don haka hedimasta ya fara sa hannu da kansa, ya ja layi da jan biro idan lokaci ya cika, kowane uzuri a rubuta shi da sunan wanda ya bayar. Ku kuma, ranku ya daɗe, idan hedimasta ya rubuto sunan mai fashi, kada a warware maganar ta waya a bayan idonsa. Sau ɗaya aka yi masa haka ya daina rubutowa, sauran malamai kuma sun gane inda iko yake.

Kafin takardar tuhuma, a san dalili. Malamin da iyalinsa ke cikin birni aka kai shi ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, da mai shayarwar da ba ta da mai riƙe mata jariri, da wanda damina ta ja shi gona, da wanda kawai ya raina aikin, duk suna ɗaya suke ɗauka a littafi, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na ƙarshen ne kaɗai tuhuma ke gyarawa, kuma shi ma da tsari: magana a keɓe, gargaɗi a rubuce, sannan a kawo gabanku. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku sa a ƙirga kwanakin da malamai suka bar aji saboda an kira su sakateriya, tantancewa ko cike fom ko bin takardar ƙarin girma. Abin da hedimasta ɗaya zai iya tattarowa ya kawo, bai kamata ya kwashe malamai takwas daga aji ba.

A 1959 wani masanin halayyar ma'aikata ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh lokutan da suka fi jin daɗin aiki da lokutan da suka fi jin haushinsa. Ya ga abubuwan haushi, irin su albashi da yanayin wurin aiki da halin shugaba, daban suke da abubuwan da ke sa himma, irin su a ga aikinka, a ba ka amana, ka ga kana ci gaba. Masana sun yi ta muhawara kan wannan rabo, kuma babu mai cewa yabo zai maye gurbin albashin da bai isa ba. Amma ɓangaren himma kusan kyauta ne, kuma a hannunku yake: takardar yabo mai sa hannunku da ta ambaci ainihin abin da malami ya yi, a karanta a gaban kwamitin makaranta da mai unguwa. Abin da ke rusa wannan duka rashin adalci ne. Ma'aikaci ba ya auna abin da ya samu shi kaɗai, da na abokin aikinsa yake gwadawa. Idan mutum biyar ɗin nan ne kullum ke zuwa bita mai alawus, sauran za su rage aiki daidai da abin da suke ganin an rage musu. Ku buɗe littafi na wanda ya je wace bita, a riƙa zagayawa. Kuma don Allah a daina hukunta malami da canjin wurin aiki zuwa ƙauye. Ba shi aka hukunta ba, 'ya'yan ƙauyen aka hukunta, sannan an shaida wa malaman kirki da ke can cewa wurin aikinsu gidan horo ne.

Abin da kuke tambaya idan kun je makaranta, shi za a riƙa tanadar muku. Masanin tattalin arziki ɗan Ingila Charles Goodhart ya yi nuni da wannan a 1975: ma'auni yana lalacewa da zarar an mayar da shi abin da ake saka wa mutum ko hukunta shi a kai. In littafin shirin darasi kuke dubawa, za ku same shi cike, an kwafo na bara an sauya kwanan wata. In yawan yara a rajista ne, rajista za ta cika, aji ya kasance rabi. Ku ƙara ma'aunin da ke da wuyar ƙirƙira. Sufeto ya shiga aji uku, ya zaɓi yara goma da kansa ta hanyar ɗaukar kowane suna na biyar cikin waɗanda suka zo, kada ya bar malami ya zaɓa. Ya ba kowane yaro ɗan labari na Hausa mai kalma kimanin 60, wanda ba ya cikin littafin aji don kada harda ta rufe ido, ya ba shi minti ɗaya, ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Ya rubuta lamba biyu: yara nawa ne ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, da matsakaicin sauran. Rabin awa ya isa. A maimaita ƙarshen zango da wani labarin mai nauyi iri ɗaya. Kada a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe da wannan sakamako, ranar da aka fara haka za a fara ɓoye yara masu rauni a gida ranar ziyara. Kowace makaranta da kanta ta baya za a gwada ta.

Wannan ya kawo mu ga labari marar daɗi. A shekarun 1990 Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazarin kurakuran ba da magani a sassan asibiti, tana zaton sassan da ke da shugabanni nagari za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar sun fi yawa. Da aka bincika, a can ne ma'aikata ba sa tsoron faɗa, a sauran ana ɓoyewa. Ƙaramar hukumar da kowane hedimasta ke cewa "lafiya lau, ranka ya daɗe" ba lallai lafiyar ce ba. Kunya da girmama na gaba halinmu ne mai kyau, amma a taro suna hana gaskiya fitowa sai an yi mata hanya. A taron hedimastoci na wata-wata, sakatare ya zama na ƙarshen magana. A buɗe da karanta alkawuran watan jiya, har da na ofishinku, a ce an yi ko ba a yi ba. Kowane rukuni ya kawo matsala ɗaya. A fara jin sababbi da mata kafin dattawa. Duk abin da aka yanke a rubuta sunan mutum ɗaya da rana a gabansa, domin aikin da aka ce "kwamiti zai duba" babu mai shi. Awa ɗaya da rabi ta isa, kuma a yi shi bayan an tashi makaranta. Mutum na farko da zai ce "yarana ba su iya karatu ba", abin da kuka yi masa a ranar shi zai yanke ko za a sami na biyu.

Rarraba aiki ba sai mun tsawaita ba. Hedimastan da makullin sito da alli da rajista da kuɗi duk suna aljihunsa, ranar da ya tafi jana'iza makaranta ta tsaya. A koya masa ya ba da aiki tare da ikon yinsa da ranar kawo bayani, alhakin kuma yana nan a wuyansa. Kuɗin da ya shigo ta kwamitin makaranta, sa hannu biyu, a manna shiga da fita a bango inda iyaye ke gani.

Ba mu ce a ɗauki wannan duka a watsa wa kowace makaranta a zango mai zuwa ba, mun riga mun faɗi abin da gaggawar faɗaɗawa ke yi. Kowannenku ya zaɓi makarantu goma a gunduma ɗaya, a haɗa na gari da na lungu, da sufeto ɗaya mai son aikin. A yi gwajin karatu a mako na biyu da na goma sha ɗaya, a riƙe lissafin darussan da aka kalla da kwanakin fashi, a zauna ƙarshen zango a ga abin da ya ƙi. Hedimastocin goman nan kada a taɓa su da canji har su yi aƙalla shekara uku, domin shekarar farko sanin gari ce da mutanensa.

Idan canjin ya zama dole, a fitar da takarda tun cikin zango na uku, tsoho da sabo su yi mako biyu tare kafin dogon hutu. Takardar miƙa aiki ta ƙunshi sunayen malamai da ajin kowa da gyaran da ake bi da shi, kujeru da littattafai a ƙirge, kuɗin da ke hannu da bashin da ake bin makaranta, iyakar fili da duk wata rigima a kansa, sakamakon gwajin karatu na ƙarshe, da sunayen yaran da suka daina zuwa da unguwanninsu. Tsohon ya kai sabon gaisuwa wurin magaji ko mai unguwa da limami da shugaban kwamitin makaranta da ƙafarsa. Su sa hannu su biyu a gaban sufeto, kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya ya zo ofishinku.

Allah ya taya ku riƙo, ya yi muku jagora.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu malaman horar da ma'aikata da tsofaffin shugabannin makarantun firamare,
Katsina.